Mataccen Faifai a Durowar Yaya

An taɓa yin wani mutum, ya 'yan uwa, wanda abokansa ke kira Injiniya. Ba injiniya ba ne. Ya dai yi kwas ɗin gyaran kwamfuta na 'yan watanni, ya sayi jaka mai aljihuna da yawa, ya iya jefa kalmomin da mutane ba sa ganewa. Sunan ya yi masa daɗi, ya riƙe abinsa. A gida kuwa Auta ake ce masa, don shi ne na ƙarshe a ɗakinsu.

Babbar yayarsa makauniya ce tun tana 'yar shekara bakwai. Ta yi karatu da irin wahalar da ni da ku ba za mu jure ba. Sai ta yi ta roƙon mutane su karanta mata littafi, wani ya karanta shafi biyu ya ce ya gaji, wani ya ce ta dawo gobe. Da ta girma ta yi wa kanta alkawarin ba za ta bar wani makaho ya sha wannan wulaƙancin ba. Ta buɗe ɗakin karatu na makafi a saman wani kantin magani, ɗakuna uku, da matakala mai igiya a gefe don mai hawa ya riƙe. Kowa a wurin Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta nesa ba kusa ba.

A wannan ɗakin karatu murya ake ajiyewa. Akwai wani ɗan ƙaramin ɗaki da aka manne bangonsa da soso da kwalin ƙwai don kada ƙarar titi ta shiga. Masu ido sukan zo su zauna gaban makirufo su karanta littattafan makaranta, don Allah kawai. Malamai sun karanta, wata nas ta karanta, wani direba mai kauri a murya ya karanta tarihi kusan gaba ɗaya. Akwai wani tsohon malamin lissafi da ya san yadda zai faɗi lissafi da baki har makaho ya gane wace lamba ce a sama, wace ce a ƙasa. Shekara huɗu yana hawa matakalar nan da sanda, har Allah ya karɓi abinsa. Ɗalibai sukan zo da wayoyinsu a zuba musu abin da suke bukata. Haka aka yi ta tara muryoyi har shekara goma sha ɗaya.

Duk muryoyin nan suna cikin kwamfuta ɗaya, a ɗaki na uku wanda a da sito ne. Wani dattijo ne ya haɗa ta. Ya sa mata faya-fayan ajiya guda huɗu, ya ɗaure su da manhaja suka zama kamar rumbu ɗaya. Duk abin da aka ajiye sai na'urar ta yayyanka shi ta raba wa faya-fayan, ta ƙara da wani ɗan lissafi, ta yadda idan faifai ɗaya ya mutu sauran za su iya cike gurbinsa. Ɗaya kaɗai. Idan biyu suka tafi tare, komai ya tafi.

Dattijo ya san faifai abu ne mai ajali. Don haka ya liƙa wa kowanne salatif a goshi, ya rubuta lambarsa da hannunsa, don ranar da ɗaya ya mutu a san wanne za a zare. Ya kuma ware wani babban faifai daban, na ko-ta-kwana. Duk ƙarshen mako Yaya ta buɗe durowarta ta miƙo shi a cikin 'yar jakar yadi, a kwafe komai a ciki, a mayar mata a hannu, ta kulle, ta rataya makullin a wuya. Da hannun Dattijo ya fara rawa ya ce lokacin hutawa ya yi. Yaya ta kawo ƙanenta gaban kwamitin da ke kula da wurin, ta ce ta tsaya masa, duk abin da ya yi ita ta yi. Ranar sallama Dattijo ya rubuta wa Auta lambar wayarsa a bango, ya ce kowane lokaci ya kira, ba ya gajiya da tambaya.

Abu na farko da Injiniya ya yi shi ne ɓamɓare salatif ɗin nan. Yana so ya ɗauki hoton kansa a gaban na'urar ya tura wa abokai, ga kuma rubutun tsoho ya ɓata mata fuska. Na biyu, na'urar ta saba aiko da saƙo idan ta ga wani faifai ya fara gajiya. Saƙon ya riƙa damunsa a waya, sai ya kashe shi. Kun ga mai gadin da ya toshe kunnensa don haushin kare na hana shi hutawa?

Ana nan, rumbu ya cika. Aka fara mayar da masu karatu gida don babu inda za a zuba muryarsu. Kwamiti ya kawo sabon faifai fil a kwalinsa, babba, irin na zamani, aka ce a ƙara shi ya zama na biyar. Injiniya ya buɗe kwalin, ya jujjuya abin a hannu, kwaɗayi ya ɗarsu a zuciyarsa. Yana da finafinai da wasannin ƙwallo a warwatse a gida, kuma ya daɗe yana cika wa abokai baki cewa wata rana babu fim ɗin da za a nema a rasa a wurinsa. Ya ce wa kansa aro ne. Ya jefa faifan a jakarsa mai aljihuna da yawa, ya sauka matakala yana riƙe da igiyar makafi.

Mako uku yana ce wa yayarsa ana gwada faifan. Da ta matsa masa, sai ya zauna ya yi tunani, kuma da bai yi tunanin ba da ya fi masa. Ƙarshen mako ya zo, Yaya ta miƙo faifan ko-ta-kwana kamar yadda ta saba. Ya shiga sito ya rufe ƙofa. Ya zare faifan daga jakar yadin ya cusa shi a gurbi na biyar. Sannan ya tona wani kwali a ƙarƙashin tebur, inda Dattijo ke jefa faya-fayan da suka lalace, ya ɗauko ɗaya mai nauyi daidai da wancan. A bayansa an rubuta MATACCE da jan alƙalami, manyan baƙaƙe. Ko gogewa bai yi ba. Me zai sa ya wahalar da kansa? Ai ba ta gani.

Ya saka shi a jakar yadin, ya ɗora mata a tafin hannu. Ta shafa, ta ji nauyin da ta sani, ta kulle durowa.

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Auta."

Ya ce amin.

Ya 'yan uwa, wallahi duk lokacin da na zo wannan wurin a labarin sai raina ya ɓaci. Sata iri-iri ce. Amma mutum ya dubi inda Allah ya rage wa 'yar uwarsa, ya ce nan ne ƙofata, sannan ya karɓi albarkarta ya amsa da amin, wannan ƙazanta ce da ban san sunan da zan ba ta ba. Tir da wannan hali.

To, faɗaɗa irin wannan rumbu ba abu ne na minti biyar ba. Komai a jere yake a layi huɗu, yanzu sai na'urar ta kwashe shi kaɗan-kaɗan ta sake jera shi a layi biyar. Aikin kwana uku ne. A tsawon kwanakin nan rabin ajiyar na tsohon jere, rabi na sabo, kamar mai ƙaura da rabin kayansa ke tsohon gida rabi a sabo. Na'urar ce kaɗai ta san inda aka kwana, tana rubuta shi a wani ɗan wuri a jikin faya-fayan. Masu wannan sana'a sun san abu biyu ake yi kafin a fara: a duba lafiyar kowane faifai, a kuma tabbatar akwai kwafi a gefe. Injiniya bai duba ba. Kwafin kuwa shi ne ya cusa a ciki, kuma daga lokacin da ya danna umarnin farawa na'urar ta fara rubutu a kansa, tana shafe abin da ke ciki.

Safiyar Litinin ya fara. Kafin azahar Yaya ta tsaya a bakin sito ta karkata kai. Ta ce tana jin wani ƙas-ƙas a cikin na'urar, kamar ana ƙwanƙwasa farce a tebur, kuma ta daɗe tana jinsa sama-sama amma yau ya ƙaru. Kunnen makaho ba abin wasa ba ne. Ya yi dariya ya ce fanka ce ta sha ƙura, ta bar wa masu aikin aikinsu. Ta koma kujerarta.

Talata da rana, lambar da ke kan allo ta kai kashi arba'in da shida. Injiniya na zaune ƙafa kan tebur yana latsa waya, sai na'urar ta fara tsuwwa. Jan rubutu ya fito. Faifai ɗaya daga cikin tsofaffin ya mutu, wanda ya yi watanni yana kuka ba mai saurarensa. Aikin kwashe-kwashen nan ne ya ƙarasa shi.

Ku saurara da kyau, don nan ne rahamar Allah ta zo masa ya kau da kai. Ba abin da ya ɓata tukuna. An gina na'urar ne don irin wannan ranar. Ta ci gaba da aikinta tana ɗingishi, lambar na motsi a hankali, arba'in da shida da ɗigo ɗaya, da ɗigo biyu. Abin da ake so daga gare shi bai fi ya naɗe hannunsa ba. Ya bar ta ta gama, ya kira Dattijo, ya dawo da sabon faifan da ke gidansa a maye gurbin mataccen. Shi ke nan.

Ya ɗaga kai ya ga lambar Dattijo a bango. Har ya fara dannawa. Sai ya tuna idan tsohon nan ya zo zai leƙa cikin na'urar, kuma zai ga faifan ko-ta-kwana a gurbi na biyar, da rubutun hannunsa a jiki. Zai tambayi ina sabon. Zai tambayi me ke cikin durowar Yaya. Ya mayar da wayar aljihu. Kun ga yadda zunubi ke yi? Bai hana shi cin abinci ba, bai hana shi dariya ba, sai ranar da yake bukatar taimako ya tsaya masa a bakin ƙofa.

Tsuwwar ba ta daina ba. Daga ɗakin gaba Yaya ta ɗaga murya tana tambaya lafiya. Ya ce lafiya lau, gwaji yake yi. Duk tunaninsa yadda zai rufe bakin na'urar nan kafin ta taso. Ya ce bari ya zare mataccen faifan, wataƙila ta yi shiru.

Allo ya nuna masa lambar wanda ya mutu. Ya durƙusa gaban na'urar. Faya-fayai huɗu iri ɗaya suna kallonsa, goshinsu fes, babu salatif, babu rubutu. Lambar kamfani na can a gefen da ke ciki, ba a ganinta sai an zaro. Wanne ne? Ya taɓa wannan, ya taɓa wancan, ya kara kunne. Da ya tambayi Yaya, da ta nuna masa da yatsa inda ƙas-ƙas ɗin ke fitowa tun jiya. Amma ya riga ya ce mata fanka ce. Ya zaɓi wanda ya fi zafi, a tunaninsa mai ciwo shi ke zazzaɓi. Bai san wanda ya fi zafi shi ne wanda ya fi aiki ba. Ya fizge shi.

Lambar da ke kan allo ta tsaya cak.

Ko a nan, ya 'yan uwa, ƙofa ba ta gama rufewa ba. Dattijo da bakinsa ya faɗa daga baya cewa da an mayar da faifan nan an bar komai yadda yake, da ya zauna ya lallaɓa su sun sake haɗuwa, don har lokacin rubutun inda aka kwana yana nan. Abin da za a rasa bai taka kara ya karya ba. Amma mutumin naku ya riga ya zaɓi hanyarsa. Ya mayar da faifan, na'urar ta ƙi tashi. Ya zaro waya ya shiga bincike. Ya tarar da wani can a wata duniya yana ba wani shawara a kan wata matsala daban, ya kwafo umarnin yadda yake, bai fahimci ko rabinsa ba. Umarnin gina sabon rumbu ne daga tushe.

Na'urar ma ta fi shi tsoron Allah. Ta tsaya ta gaya masa akwai tsohon tsari a jikin faya-fayan nan, ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya danna e.

Nan take tsuwwa ta daina. Wata sabuwar lamba ta fito tana hawa da sauri, ɗaya, biyu, biyar. Ya sauke ajiyar zuciya, har da murmushi. Ya fita ya sayo lemo mai sanyi ya dawo ya zauna yana kallon lambar nan tana hawa, yana ji a ransa lallai shi injiniya ne. Abin da yake kallo kuwa na'urar ce ta shafe rubutun inda aka kwana, tana bi tana rubuta sabon lissafi a kan muryoyin mutane. Da yamma, da kowa ya watse, ya je buɗe ajiyar. Babu tarihi, babu lissafi, babu ko sunan littafi ɗaya.

Kuna tsammani ya je ya faɗi gaban yayarsa? Ina. Washegari da safe ya shigo da fuskar mai ɓacin rai. Akwai wata dattijuwa da ke share wurin shekara tara, kowa Mama mai shara yake ce mata. A gaban ɗalibai uku da ke jiran a zuba musu karatu, ya nuna ta ya ce ita ta fizge wayar lantarki da tsintsiyarta ana tsakiyar aiki, komai ya lalace. Matar nan ta saki tsintsiya. Ta rantse tun ranar Litinin da ya ce kada a shiga sito ko ƙofar ba ta taɓa ba. Ya daka mata tsawa, matar da a haife ta haife shi. Ta fashe da kuka.

Yaya ta ce kowa ya yi shiru. Ta ce ba a taɓa zubar da hawayen kowa a wurin nan saboda na'ura ba, kuma ba za a fara yau ba. Ta ciro makulli daga wuyanta.

"Mama, share hawayenki. Ai don irin wannan ranar muke da ko-ta-kwana. Abin mako ɗaya kawai za mu rasa."

Ta buɗe durowa ta ɗauko jakar yadin. Injiniya ya miƙa hannu da sauri ya ce ta kawo ya gani. Ta riƙe abinta. Ta ce wannan karon tana so Dattijo ya zo a yi a gabansa, ba don ta raina shi ba, hankalinta ne zai fi kwanciya. Ta kira Dattijo da kanta. Awa ɗaya da aka yi ana jiransa, mutumin naku ya shiga bayi sau huɗu, amma bai iya buɗe baki ya faɗi gaskiya ba.

Dattijo ya hawo matakala yana haki. Ya gaisa, ya zauna, Yaya ta ɗora masa jakar a hannu. Ya zaro faifan ya juya bayansa. Ya daɗe yana kallo. Ɗakin ya yi tsit har ana jin masu sayen magani a ƙasa.

Yaya ta ce, "Baba, na ji ka yi shiru."

Ya tashi ya shiga sito, ya durƙusa da ƙyar, ya leƙa gurbi na biyar. Ya duba allo, ya bi umarnin da aka danna ɗaya bayan ɗaya, don na'ura ba ta mantuwa da wannan. Ya fito ya tsaya a gabanta, tsoho da furfura, idonsa ya kawo ruwa.

"'Yata, abin da kike kullewa matacce ne. Ni na rubuta a jikinsa shekara biyar da suka wuce. Na gaskiyan yana cikin na'ura, an shafe shi."

Ta miƙa hannu ya ba ta faifan. Ta bi bayansa da yatsa a hankali, inda rubutun yake, ba ta ji komai ba sai santsin ƙarfe. Ta tambaya da wane irin alƙalami aka rubuta. Ya ce ja, manya-manya. Ta gyaɗa kai. Ba ta juya wajen ƙanenta ba, ko da yake ta san daidai inda yake tsaye, tana jin numfashinsa. Ta ce a kira mata Mama mai shara, ta riƙe hannunta biyu ta roƙe ta gafara a madadin gidansu.

Dattijo ya yi mako biyu yana fama. Ya kai faya-fayan wurin waɗanda suka fi shi sani. Abin da aka tsamo guntaye ne, jimla ɗaya ta tarihi ta katse a tsakiya ta faɗa cikin ƙara, sai muryar wani ta shigo da rabin kalma. Aka bi ɗalibai gida-gida ana karɓar abin da ya rage a wayoyinsu. Ko kashi ɗaya cikin goma bai kai ba. Na malamin lissafi babi biyu aka samu, a wayar wata ɗaliba da ta manta ba ta goge ba. Ɗalibai goma sha tara ke shirin jarrabawa a shekarar. Suka koma roƙon 'yan uwa su karanta musu, ana ce musu a dawo gobe.

Kwamiti ya zauna. Aka sa shi ya kawo sabon faifan, ya kawo shi a baƙar leda. Dattijo ya jona shi a gaban kowa, sunayen finafinai suka cika allo, ɗaruruwa, da wasannin ƙwallon da aka gama bugawa aka manta. Wani daga cikin 'yan kwamitin ya fara karantowa da ƙarfi don Yaya ta ji, ya kai na shida ya kasa ci gaba. Abin da aka sayar da muryar bayin Allah a kansa ke nan.

Aka kore shi a ranar. Yaya kuma ta miƙe ta ce ita ta tsaya masa, ta ce duk abin da ya yi ita ta yi, don haka ta ajiye aikin. Aka yi ta ba ta baki, ta ƙi. Ta ciro makullin daga wuyanta ta ajiye a tebur, ta sauka.

Masu gyaran kwamfuta a gari sun san juna. Kafin wata ya ƙare babu shagon da bai ji labarin ba. Duk inda ya je neman aiki sai a ce masa an ɗauki wani. Abokan da yake tara wa finafinai su ne suka fi kowa yayata shi. Matarsa, wadda ta yi makonni tana kallon finafinan nan ba ta san daga inda suka fito ba, ta ce duk lokacin da ta tuna sai ta ji ƙyamarsa. Ta kwashe 'ya'yanta ta tafi gidansu. Sunan Injiniya ya bi shi, amma yanzu da dariya ake faɗarsa.

Bayan wata biyar ya je gidan yayarsa, ya rame, jakar nan ma babu. Ya tarar da ita a tsakar ɗaki, ta jingina filo biyu a bango don su tare ƙara, ta ɗora waya a kan kujera tana ɗaukar murya. Wata maƙwabciya na zaune tana karanta littafin aji ɗaya tun daga shafin farko. Ya jira aka kai ƙarshen babi. Ya durƙusa ya yi kuka, kukan gaske wannan karon. Ya ce ta yafe masa. Ya ce yana da ido, yana da baki, ba shi da aikin yi, zai zauna ya karanta littattafan nan duka, ko shekara nawa za a ɗauka.

Ta bari ya gama. Ta ce abin da ya yi mata ita, ta yafe, don uwa ɗaya ta haife su kuma ba ta so ta tashi gaban Allah da shi a wuyanta. Na ɗalibai da na matattu kuwa ba nata ba ne balle ta yafe. Ya ce to karatun fa?

Ta ce, "Auta, mu ba ma ganin shafi. Abin da mai karatu ya faɗa shi ne littafin. Idan ka gaji ka tsallake layi, wa zai sani? Ba zan iya sa yaran nan su dogara da bakinka ba."

Ta juya wajen maƙwabciyar ta ce su ci gaba, babi na biyu. Da yake ba a son motsi idan ana ɗauka, sai ya tashi ya fita a hankali.

Ya 'yan uwa, faifai ya mutu, gaskiya ne, amma ba mutuwar faifai ce ta rusa wurin nan ba. An shirya wa wannan. Abin da ba a shirya masa ba shi ne mutumin da aka ba amana ya gwammace komai ya ƙone da a ga abin da ya ɓoye. Sau biyu hanya na buɗe masa a yini ɗaya, ba abin da ake nema daga gare shi sai ya ce na yi laifi, ku zo ku taimake ni. Kalma nawa ce wannan? Ya ga ta fi ƙarfinsa.

Kada wani ya ce ai ni ba na taɓa kwamfuta. Kowannenmu akwai wanda yake makaho a gabansa. Mai kawo maka mota bai san abin da ka ɗaura a cikin inji ba. Tsohuwar da ka karanta wa takardar asibiti ba ta san ko ka tsallake layi ba. Me ka ɗora musu a hannu suka sa maka albarka? Idan akwai wani abu, ka je ka faɗa yau, da bakinka, tun ana iya gyarawa.

Ya Allah, kada ka bar mu mu ci amanar wanda ba ya iya duba mu. Idan mun yi kuskure, ka ba mu ƙarfin faɗa kafin mu ƙara wani a kansa. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye waɗanda suka yarda da mu daga sharrin hannayenmu. Amin.